Ƙanena yana gaban kotun shige da fice a Amurka: ya nemi izinin fita da kansa, ko ya tsaya a yi shari'a?

Tambaya: Ƙanena ya shiga Amurka da bizar ziyara a 2021, aka ba shi wata shida, bai dawo ba. Kwanan nan ICE, hukumar da ke tilasta bin dokar shige da fice, ta ba shi sammacin bayyana gaban alƙalin shige da fice. Ba a tsare yake ba, ba a taɓa kama shi da wani laifi ba. Yana da ɗa guda da aka haifa a can, amma shi da mahaifiyar yaron ba su tare. Wasu abokansa sun ce ya roƙi alƙali ya bar shi ya fita da kansa, wai takardunsa za su zauna fes, bayan shekara ɗaya ko biyu ya sake neman biza. Wasu sun ce kada ya yarda, ya ja shari'ar iya ƙarfinsa. Wanne ya fi?

Amsa: Malam, maganar da aka gaya masa ta cewa zai sake samun biza nan da shekara biyu ba gaskiya ba ce, kuma ita ce ta fi hatsari a cikin shawarwarin nan biyu. Izinin fita da kai yana da amfani na gaske, sai dai amfaninsa ba inda abokansa suke zato yake ba. Yana yi wa mutum iri ɗaya rana: wanda lauya ya duba lamarinsa tsaf ya ga ba shi da wata hujjar zama da za ta tsaya a gaban alƙali, kuma ya tabbata a ransa zai bar ƙasar kafin wa'adi ya cika. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin biyun nan, izinin cutarsa zai yi.

Izinin yana sashe na 240B na dokar shige da fice ta Amurka. Maimakon alƙali ya yanke hukuncin kora, sai ya ba mutum wasu kwanaki ya kintsa, ya sayi tikitinsa da kuɗinsa, ya tafi. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, a jikin takardar da alƙali ya ba da izinin, ya riga ya rubuta umarnin kora na ko-ta-kwana. Idan ranar ta wuce mutum yana ƙasar, umarnin zai fara aiki da kansa, ba sai an sake zama a kotu ba, ba sai an sake aiko masa da sammaci ba.

A gaban alƙali izinin iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne zuciyar tambayarka.

Na farko ana nemansa tun a zaman share fage, kafin a kai ga babban zaman da ake sauraron hujjoji da shaidu. Wa'adinsa yana iya kaiwa kwana 120. Sharuɗɗan shigarsa ba su da tsauri: ba a buƙatar a nuna tsawon zama, ba a buƙatar a kafa hujjar kyakkyawan hali na wasu shekaru. Sai dai abin da ake biya yana da nauyi. Mutum zai amsa a gaban alƙali cewa lallai ya cancanci kora, zai janye duk wata buƙata da ya shigar, ko ta mafaka ce ko ta katin zama na dindindin, sannan ya sarayar da haƙƙinsa na ɗaukaka ƙara. Zai nuna fasfo mai rai. Idan babu, alƙali na iya ba shi har kwana 60 ya kawo. Ba a ba wanda aka samu da ɗaya daga cikin manyan laifukan da dokar shige da fice ta ware, ko wanda ake tuhuma kan ta'addanci da tsaron ƙasa. Jerin manyan laifukan nan ya fi yadda sunansa ya nuna faɗi: satar da aka yanke wa mutum shekara guda a kanta tana ciki, ko da an dakatar da zaman gidan yarin, haka damfarar da asararta ta haura dala 10,000.

Na biyu ana bayar da shi ne a ƙarshen shari'a, bayan mutum ya gabatar da hujjojinsa alƙali bai gamsu ba. Wa'adinsa ba ya wuce kwana 60, kuma sharuɗɗansa sun fi yawa. Dole mutum ya kasance ya yi aƙalla shekara guda a Amurka kafin ranar da aka miƙa masa sammaci. Dole ya nuna kyakkyawan hali na shekara biyar da suka gabata; wanda ya yi zaman kaso na kwana 180 ko fiye a cikin wannan lokaci, ko ya yi ƙarya bayan rantsuwa don ya sami wata takarda, ya faɗi. Dole ya kawo hujja ƙwaƙƙwara cewa yana da kuɗin tafiya kuma da gaske tafiyar zai yi, wato fasfo, bayanin asusun banki, da ƙasar da za ta karɓe shi. Sannan akwai kuɗin jingina, aƙalla dala 500, da za a ajiye wa ICE cikin ranakun aiki biyar. Wanda ya yi sakaci da kwana biyar ɗin nan alhali ya riga ya ce ba zai ɗaukaka ƙara ba, umarnin kora zai hau kansa nan take.

Ka ga ke nan, zaɓin ba lallai ya zama ko wannan ko wancan ba. Wanda yake da hujja mai ma'ana yana iya yin shari'arsa har ƙarshe, lauyansa ya gaya wa alƙali tun da wuri cewa idan ba a karɓi hujjar ba, suna roƙon izinin fita a madadin kora. Bisa abin da ka bayyana, ƙanenka ya cika sharaɗin shekara guda. Amma ko ya cika komai, alƙali yana da ikon ya hana, domin izinin alfarma ce a idon doka. Yana duba ko mutum yana biyan haraji, ko yana ɗaukar nauyin ɗansa, ko ya taɓa tsallake zaman kotu.

Yanzu batun takardu fes. A dokar Amurka akwai haramcin dawowa iri biyu, kowanne da tushensa, kuma izinin fita da kai ɗaya kawai yake kauce wa.

Na ɗaya yana fitowa ne daga hukuncin kora kansa. Wanda alƙali ya kora ba zai dawo ba sai bayan shekara 10. Idan korar gaggawa ce aka yi masa a filin jirgi ko a kan iyaka, shekara 5 ce. Kora ta biyu shekara 20 ce, wanda kuma aka kora da babban laifi a kansa haramcinsa ba ya ƙarewa. Mai son ya dawo kafin lokaci sai ya nemi izini na musamman da fom I-212. Wanda ya fita a cikin wa'adin da alƙali ya ba shi, wannan haramci bai shafe shi ba, domin a shari'ance ba a kore shi ba.

Na biyu ba ruwansa da alƙali. Yana fitowa ne daga adadin kwanakin da mutum ya zauna bayan izininsa ya ƙare. Wanda ya tara shekara guda ko fiye na zama ba bisa ƙa'ida ba, ranar da ya bar ƙasar haramcin shekara 10 zai fara ƙirge, ko da ƙafarsa ya fita, ko jami'ai ne suka raka shi har bakin jirgi. Ƙirgen ƙanenka ya fara ne washegarin ranar da ke jikin takardar shigarsa ƙasar mai suna I-94, wato wajen wata shida bayan shigarsa a 2021. Ya wuce shekara guda tun tuni. Saboda haka ko da alƙali ya ba shi kwana 120 ya tafi a rana ta farko, shekara 10 tana jiransa. Bizar da ke cikin fasfonsa ma ta mutu tun ranar da ya wuce wa'adi, ko da tambarinta bai ƙare ba.

Akwai mutanen da izinin yake wanke su sosai, kuma ina jin labarinsu ne yake yawo a bakin jama'a har aka ɗauka kowa haka ne. Wanda zamansa ba bisa ƙa'ida ba bai kai kwana 180 ba, babu haramci a kansa. Wanda ya haura kwana 180 amma bai kai shekara ba, dokar ta tanadar masa haramcin shekara 3 ne idan ya fita kafin a fara shari'arsa. Idan an riga an shigar da ƙararsa kotu, alƙali ya ba shi izini ya tafi kafin ya cika shekara, shekara ukun ba ta hau kansa ba. Kwanakin da mutum ya yi kafin ya cika shekara 18 ba a ƙirga su, haka kwanakin da takardar neman mafaka ta gaskiya take jiran hukunci, muddin bai yi aiki ba izini ba. Ga irin waɗannan, kowane mako yana da daraja, kuma jan shari'a ba dalili yana iya jefa su cikin shekara 10 da ba su kai gare ta ba. Ƙanenka ba ya cikinsu.

Haramcin shekara 10 na zama ba bisa ƙa'ida ba yana da afuwa, ana nemanta da fom I-601. Sai dai sharaɗinta shi ne mutum ya nuna cewa rashinsa zai jefa matarsa, ko mijinta, ko mahaifi, ko mahaifiya cikin matsanancin hali, kuma su kasance 'yan ƙasa ko masu katin zama na dindindin. 'Ya'ya ba sa cikin lissafin. Wannan yana yi wa iyaye da yawa ciwo idan suka ji shi, amma gara a ji shi kafin a hau jirgi. Ɗan ƙanenka ɗan Amurka ne, zai iya nema wa mahaifinsa katin zama idan ya cika shekara 21, amma ba zai iya ɗage masa haramcin yau ba.

To me ya rage na amfani, tunda shekara goman tana nan? Abu ne mai yawa, ko da ba a ganinsa a ranar farko. Wanda aka kora, idan wata rana ya sami hanyar dawowa kafin shekara goma, afuwa biyu zai nema; wanda ya fita da izini ɗaya zai nema. Wanda aka kora ya sake tsallakowa ba izini ya aikata laifin da ake ɗaurin shekara 2 a kansa, har zuwa 10 ko 20 idan yana da tsohon laifi, kuma jami'ai suna iya farfaɗo da tsohon umarnin su fitar da shi ba tare da ya ga alƙali ba. Sannan akwai abin da ba a rubuta a fom: mai izini yana da lokacin sayar da motarsa, rufe hayar gidansa, karɓar haƙƙinsa a wurin aiki, daidaita batun ganin ɗansa a kotun iyali. Shi zai zaɓi ranar tafiya da ƙasar da zai sauka, ba a ɗaure ba. Wannan na ƙarshe ya ƙara nauyi tun 2025, lokacin da Amurka ta fara tura wasu da ta kora zuwa ƙasashen da ba nasu ba, irin su Sudan ta Kudu da Eswatini. Amma a sani, duk wanda ya tara fiye da shekara guda ba bisa ƙa'ida ba, ya fita, sannan ya sake shigowa ta ɓarauniyar hanya, haramcin dindindin ne ya hau kansa, ko da izini ya fita a karon farko, kuma ba zai ma iya neman sassauci ba sai ya yi shekara 10 a waje.

Kafin a yi maganar tafiya, sai an bi hanyoyin zama ɗaya bayan ɗaya an ga ko akwai wadda take buɗe, domin karɓar izinin fita a zaman farko rufe su yake yi gaba ɗaya.

Ƙanenka yana da wata dama da masu tsallako iyaka ba su da ita: ya shiga ta ƙofa, jami'i ya duba shi ya buga masa tambari. Wanda ya shiga haka, idan yana da aure na gaskiya da 'yar ƙasa, yana iya neman katin zama a cikin Amurka ba tare da ya fita ba, kuma wuce wa'adin biza ba ya hana shi. Tunda bai fita ba, haramcin shekara 10 bai taso ba. Mutumin da yake da irin wannan aure ya karɓi izinin fita, ya jawo wa kansa haramcin da da bai same shi ba. Sai dai auren da aka ɗaura bayan an fara shari'a ana yi masa binciken ƙwaƙwaf, kuma wanda aka samu da auren bogi ba za a sake amincewa da wata takardar dangi ko ta aiki dominsa ba har abada. Kada kowa ya kawo masa wannan a matsayin mafita.

Soke kora saboda daɗewa yana buƙatar shekara 10 cif a ƙasar kafin sammaci, da nuna cewa korar za ta jefa ɗa, mata ko iyaye 'yan ƙasa ko masu katin zama cikin wahalar da ta wuce misali. A nan 'ya'ya suna cikin lissafi, amma wanda ya shiga 2021 bai kai shekarun ba, kuma sammaci ingantacce yana tsayar da ƙirge. Mafaka ana nemanta ne cikin shekara guda da shiga, sai idan yanayi ya canja a ƙasar mutum ko a rayuwarsa. Idan da gaske yana tsoron a kashe shi ko a azabtar da shi a gida, akwai kariyar hana mayarwa da kariyar yarjejeniyar hana azabtarwa, waɗanda ba su da wa'adin shekara guda, ko da yake hujjarsu ta fi nauyi. Mai irin wannan tsoro bai kamata ya sa hannu a takardar fita ba. Wanda kuma ba shi da shi, kada ya ƙirƙiro labari don jan lokaci. Idan alƙali ya yanke cewa da gangan aka shirya ƙaryar, an rufe masa duk wata takardar shige da fice har ƙarshen rayuwarsa. Lauya zai kuma tambaye shi ko an taɓa yi masa mummunan duka ya taimaka wa 'yan sanda da bincike, domin akwai bizar U ga irin waɗannan. Zai tambaye shi ko ya taɓa cika takardar ɗaukar aiki ya ce shi ɗan ƙasa ne. Ya faɗa masa gaskiya, domin wannan haramci ne mai zaman kansa da fita da kai ba ta gogewa.

Mafi munin sakamako a duk wannan lamari shi ne mutum ya karɓi izini ya ƙi tafiya. Umarnin kora ya hau kansa, kuɗin jinginarsa ya tafi, ga tara wadda doka ta sa tsakanin dala 1,000 da 5,000, ana kuma ƙara ta daidai da hauhawar farashi. Abin da ya fi duka zafi, na tsawon shekara 10 ba zai iya gyara takardunsa a cikin ƙasar ba: ba katin zama ta hanyar aure, ba soke kora, ba canjin biza, ba wani sabon izinin fita. A ce wa'adinsa ya cika ranar Talata, bai tafi ba, bayan wata uku ya auri 'yar ƙasa aure na gaskiya, hukumar USCIS mai ba da takardun zama ta amince da auren. Ba zai sami katin ba. Da hukuncin kora zalla ne a kansa, da yana da 'yar ƙofar roƙon a sake buɗe shari'a. Saɓa wa'adi ya toshe ta. Shi ya sa wanda ya san zuciyarsa ba za ta bar shi ya rabu da ɗansa ba, gara kada ya nemi izinin tun farko, kuma ya gaya wa lauyansa haka ƙarara.

Idan wani abu ya canja a cikin wa'adin fa? Wannan tambaya ta je har Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar wani ɗan Najeriya, Samson Dada, wadda aka yanke a 2008. An ba shi kwana 30 ya fita, ana saura kwana biyu ya nemi a sake buɗe shari'arsa saboda sabuwar takardar aure. Kotun ta ce dole a bar mutum ya janye daga izinin fita kafin wa'adi ya cika don ya bi wannan hanya. Ƙa'idar da ake aiki da ita tun 2009 ita ce, da zarar an shigar da buƙatar sake buɗe shari'a a cikin wa'adi, izinin ya mutu da kansa, tara da haramcin gyaran takardu ba su hau mutum ba, amma umarnin kora ya fara aiki. Idan buƙatar ta faɗi, a matsayin korarre zai tafi. Kai ƙara kotun tarayya ma haka yake kashe izinin, sai dai wanda ya fita cikin kwana 30 da shigar da ƙarar ya kuma kawo shaida, ba a ɗaukarsa korarre. Ɗaukaka ƙara zuwa BIA, hukumar da ke sake duba hukuncin alƙalan shige da fice, daban ne: tana iya sabunta izinin idan ƙarar ta faɗi, amma sai an aika mata da shaidar biyan kuɗin jingina cikin kwana 30 da ɗaukaka ƙarar. Rasit ɗaya da aka manta a aljihu ya isa ya ɓata wannan. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta kuma yanke cewa idan ranar ƙarshe ta faɗo Asabar, Lahadi ko ranar hutu, wa'adin ya matsa zuwa ranar aiki ta gaba. Sani ne mai amfani ga lauya, amma mai tafiya kada ya dogara da shi.

Idan an yanke shawarar tafiya, fasfo ne farkon abin dubawa, tun kafin a je kotu. Sabunta fasfo a ofishin jakadanci yana iya cin makonni masu yawa, kuma alƙali ba shi da ikon ƙara kwana a kan 120 ko 60. ICE ce kaɗai ke iya ƙari, ita ma ba za ta wuce wannan iyaka ba. A sayi tikitin da ranarsa ta rage aƙalla mako biyu kafin wa'adi, saboda soke jirgi ko rashin lafiya ba su ɗage ranar. A duba ƙasar da jirgi zai yada zango: wasu ƙasashen Turai suna neman bizar wucewa daga 'yan wasu ƙasashe, kuma mai matacciyar bizar Amurka yana iya rasa sassaucin da ya samu lokacin zuwa. An sha mayar da mutane daga kan layin shiga jirgi a kan wannan.

Sannan shaidar fita, wadda ita ce ake yawan yin wasa da ita. Amurka ba ta buga tambarin fita a fasfo. ICE takan ba mutum takarda, I-210 ko G-146, wadda zai kai ofishin jakadancin Amurka a ƙasar da ya sauka, jami'i ya gan shi ido da ido, ya cike, a mayar wa hukumar. Ya je a makon farko. Ya adana katin shiga jirgi, tikiti, da hoton shafin fasfo mai tambarin sauka. Idan babu wannan a fayil, kwamfutar hukuma tana iya nuna cewa bai tafi ba, sai bayan shekaru ya je neman biza ya tarar da umarnin kora da tara a kan sunansa. Kuɗin jingina ma da wannan shaida ake karɓarsa, kuma wanda ya sa hannu ya biya ake mayar wa, don haka a zaɓi mai riƙon amana wanda adireshinsa ba ya canjawa, ya riƙe rasit ɗin asali.

Akwai abubuwa uku da suke kama da izinin fita da kai amma ba shi ba ne. Na farko, mutum ya tattara kayansa ya tafi shiru alhali shari'arsa tana kotu. Ranar zama alƙali ba zai gan shi ba, yana iya yanke masa kora a bayan idonsa, ga ƙarin haramcin shekara 5 na ƙin halartar kotu ba dalili. Wanda kuma umarnin kora ya riga ya hau kansa, ko da shi ya sayi tikitinsa doka korarre take ɗaukarsa. Na biyu, manhajar CBP Home da gwamnati ta fito da ita a Maris 2025 don masu son barin ƙasar da kansu, wadda a watan Mayu aka haɗa ta da tayin tikiti da dala 1,000, adadin da ya riƙa canjawa daga baya. Shiri ne na hukuma, ba hukuncin alƙali ba, ba ya goge haramcin shekara 10, kuma mai shari'a a kotu kada ya yi rajista sai lauyansa ya tabbatar da yadda za a rufe fayil ɗinsa. Na uku, takardar da ake miƙa wa mutane a gidan tsaro a ce su sa hannu su huta. Sau da yawa takardar amincewa da kora ce ba tare da ganin alƙali ba. Idan aka tsare ƙanenka, kada ya sa hannu a abin da bai karanta ya fahimta ba. Yana da haƙƙin neman tafinta a kotu da neman lokaci ya sami lauya. Tsararre ma yana iya samun izinin fita na gaske, sai dai yawanci yana ci gaba da zama a tsare har ranar da za a kai shi jirgi.

A ra'ayina, idan bayanin da ka bayar shi ne duka, wato babu aure, babu tsoron komawa, babu shekara goma, to ƙanenka ba shi da hujjar da za ta ci shari'a, kuma jan ta zai cinye kuɗin da zai fara sabuwar rayuwa da shi, ya ƙare da kora. Izinin kwana 120 ya fi masa, da sharaɗin ya shiga da sanin cewa shekara goma zai yi a waje, kuma ko bayan ta bizar ziyara ba za ta zo da sauƙi ba ga wanda ya taɓa wuce wa'adi. Amma kada ya amsa komai a zaman farko kafin lauyan shige da fice mai lasisi, ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta amince da shi, ya ga takardunsa. Gwamnati ba ta ba da lauya kyauta a wannan kotu, sai dai alƙali yana ba da jerin ƙungiyoyin da ke taimakawa kyauta, kuma yakan ɗage zama ga wanda ya roƙi lokacin neman lauya. Masu cika fom a unguwa ba lauyoyi ba ne.

Ranar ganin lauya ya tafi da sammacin nan mai suna NTA, fasfonsa na yanzu da tsoho, takardar I-94, takardar haihuwar ɗansa, takardun harajin shekarun da ya yi aiki, shaidar kuɗin da yake tura wa yaron, da duk wata takarda da wani ya taɓa shigar wa hukumar shige da fice da sunansa, ko da an ƙi ta. Idan ya canja gida kafin ranar zama, ya sanar da kotu da fom EOIR-33 cikin kwana biyar, domin kotu adireshin da ke fayil take aika wa sanarwa, ko ya gani ko bai gani ba.